TAWAYE, BORE DA YAJI: KOWACE KALMA DA NAUYINTA

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu, tsohon malamin makaranta, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya a nan Lafiya. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, saboda roƙon 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.)

 



Da farko ina neman ahuwa ga malamai da ke zaune a nan, don kuwa ba ilmi ne ya sa aka ba ni wannan magana ba, sai dai shekaru da kuma wani ɗan abu da ya faru a gabana. Watanni kaɗan da suka wuce aka ƙara wa 'yan'uwanmu masu rumfuna kuɗin wata, abin bai yi musu daɗi ba, samarinmu suka zauna suka tsara takardar koke zuwa ga ofishin da abin ya shafa. Sakatare ya kawo mini in duba musu rubutu. Ina cikin karantawa sai na ga an rubuta cewa idan ba a janye ƙarin nan ba, "za mu yi tawaye." Na ajiye tabarau, na sa aka kira yaron da ya rubuta, na ce masa, "Kai samari, da ka ce tawaye, me za ku yi?" Ya ce, "Baba, rumfuna za mu rufe kwana biyu." Na ce masa to yaro, abin da kuke niyya daban, abin da ka rubuta daban. Da takardar nan ta isa teburin da za ta, aka juya ta zuwa Turanci, sunan da za a kira ku da shi shi ne wanda ake kiran masu ɗaukar bindiga su shiga daji.

Tun daga ran nan na ƙudura cewa in Allah ya kai mu taro, a kan waɗannan kalmomi zan yi magana. Hausa tana da kalmomi da yawa na ƙin bin na gaba, kuma kakanninmu ba su jera su a banza ba. Kowace da inda take tsayawa.

Mu fara daga cikin gida, don can ne asalin yawancinsu. Yaron da aka aika ya noƙe, ƙiwa ya yi. Wanda aka faɗa ya mayar, gardama ya yi. Wanda ya wuce faɗa ya wuce bulala, shi ne ake cewa ya kangare, ya zama kangararre. Duk waɗannan halin mutum ɗaya ne, ba su shafi hukuma ba.

Sai yaji. Iyaye mata sun fi ni sanin wannan. Mace idan an ɓata mata, ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan iyayenta, yaji ta yi. To amma ku lura, mai yaji ba sakakkiya ba ce, igiyar aurenta tana nan daram. Ta tafi ne don a san an yi mata laifi, tana kuma sauraron biko. Miji ya tura manya, a zauna, a faɗa wa kowa laifinsa, ta koma ɗakinta. Lalle wanda ya fara cewa "yajin aiki" ya san Hausa, domin ma'aikaci mai yaji bai bar aiki ba, bai kuma ce a tuɓe wanda ya ɗauke shi ba, biko yake jira. A shekarar 1945 ma'aikatan ƙasar nan, da 'yan reluwe a kan gaba ƙarƙashin Michael Imoudu, sun ajiye aiki fiye da kwana 40 a kan tsadar rayuwa, jirgin ƙasa ya tsaya cik. An sake yin wani babba a 1964. A 2022 malaman jami'o'i sun yi na wata 8, yaranmu suka zauna a gida muna kallonsu. Duk tsawon yaji, a teburin sulhu yake ƙarewa. Saboda haka abin da samarinmu suka yi niyya, mafi kusa da shi shi ne yaji.

Gaba da yaji sai bore. Bore yana da hayaniya, yana da turjiya. Yaro ya faɗi ƙasa yana birgima, bore yake yi. Talakawa su ce ba za su biya abin da aka yanka musu ba, har su kori mai karɓa, shi ne boren haraji da muka tashi muna ji a bakin iyayenmu. Mai bore bai ce sarki ba sarki ba ne, umarni guda ya ƙi, ya kuma ƙi shi a fili. Alal misali, a watan Afrilu na 1980 manoman Bakolori, kusa da Talatar Mafara, sun tare hanyoyin madatsar ruwa a kan diyyar gonakinsu da aka karɓe. Ba su nemi kujerar gwamna ba, haƙƙin gona suke bi. Amma aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, rayuka da yawa suka salwanta. Haka nan maƙwabtanmu Tibi, a 1960 da 1964, sun tashi a kan En'e da 'yan dokarta da masu karɓar haraji, abin ya kai ga ƙone-ƙone da kisa, har sai da aka kai soja. Wannan ya nuna mana abu biyu. Na ɗaya, bore yana iya kasancewa a kan gaskiya. Na biyu, bore ba shi da linzami, wanda ya fara shi ba lalle ne shi zai tsayar da shi ba. Shi kuwa harajin da aka yi ta zubar da jini a kansa, ƙuri'a ce ta kawar da shi a Kano da Kaduna a 1979, sa'ad da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, bayan shekara da shekaru 'yan NEPU, wadda aka kafa a 1950, suna shan ɗauri a kan maganar.

To yanzu mun zo kan uwa uba, watau tawaye. A Hausar sarauta, ba a cewa mutum ya yi tawaye sai in da ma ya yi caffa. Ya kai gaisuwa, ya karɓi rawani ko tuta, ya amsa cewa yana ƙarƙashin wani, sa'an nan daga baya ya janye wuyansa, ya hana gaisuwa, ya gyara ganuwa, ya tara mayaƙa. Ɗan tawaye ba ya jiran biko. Misalin da masu tarihi suka fi kawowa shi ne na Sarkin Haɗeja Buhari. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, ya ƙi tuɓuwa, ya komo ya ƙwace gadonsa da ƙarfi, aka tura masa runduna ya kore ta, ya ci gaba da mulkinsa ba ya bin Sakkwato har ya rasu a 1863. Wannan shi ne tawaye cikakke, kuma talakawan gabashin Kano da maƙwabtan Haɗeja su suka ɗanɗana kuɗarsa. Ku dubi wannan, ku dubi rufe rumfa kwana biyu, ku gaya mini ko hanya ta haɗa su.

Amma akwai wani abu game da wannan kalma da nake so samari su riƙe. Da wuya ka ji mutum ya kira kansa ɗan tawaye. Wanda ke kan gado shi ke raɗa sunan. A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya tashi daga Degel zuwa Gudu, jama'a ta yi masa mubaya'a. A fadar Sarkin Gobir Yunfa, a Alƙalawa, tawaye aka ɗauki abin. A wurin jama'ar Shehu kuwa hijira ce, abin da ya biyo baya kuma jihadi. Shekara 13 bayan haka Shehu ya rasu a 1817, sai ga Abdussalami na Kware, almajirin Shehu ne tun farko, wanda harin da Gobirawa suka kai wa mutanensa a Gimbana yana cikin abin da ya tayar da jihadin, ya ƙi bin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A wannan karon shi aka kira ɗan tawaye, aka yaƙe shi aka ci garinsa a farkon 1818. Kun ga mutum ɗaya, cikin rayuwa ɗaya, ya ɗauki suna biyu.

Ba ma sai mun je Sakkwato ba. Jihar nan tamu sunan garin Nasarawa ta ci, shi kuwa garin Umaru Makama Dogo ne ya kafa shi a shekarun 1830, bayan ya sami saɓani da fadar Keffi ya fita da mutanensa. Da bai yi nasara ba, Allah kaɗai ya san sunan da tarihi zai ba shi. A Keffin nan dai, a watan Oktoba na 1902, Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau, ya kashe Razdan Kyaftin Moloney, ya hau doki ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga ya riƙe wannan a cikin hujjojinsa na kai yaƙi Kano, wadda ta faɗi a watan Fabrairu na 1903. Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, can a Burmi aka yi karon ƙarshe a watan Yuli na wannan shekara. A takardun Turawa mai kisan kai ne, ɗan tawaye. To amma mu tambayi kanmu bisa ma'aunin Hausa, yaushe Magaji ya yi wa Nasara caffa balle ya janye? Caffarsa tana Zazzau da Sakkwato, kuma a kanta ya mutu. Daɗin daɗawa, masu ba da labarin ranar suna ɗora kaso mai yawa na alhakin a kan tafinta, wanda suka ce yana juya magana tsakanin Bature da Magaji yadda ya ga dama. In haka ne, ashe a ƙasar nan tamu an taɓa yin ranar da juya magana ya jawo faɗuwar birane.

Shekara 3 bayan Burmi, a 1906, talakawan Satiru kusa da Sakkwato suka tashi da sunan Mahadi, suka kashe Turawa 3 da sojoji. A lokacin sarakuna sun riga sun yi rantsuwa ga Nasara, saboda haka fada da bariki suka haɗu a kan suna ɗaya. A watan Maris aka kai musu yaƙi, aka kashe jama'a masu ɗimbin yawa, aka rushe garin aka hana sake gina shi. Wannan shi ne abin da kan sami talaka idan sunan tawaye ya manne masa.

Idan kuwa rigimar ta 'yan gida ɗaya ce, kowa yana cewa shi ne mai gado, sunanta basasa. Ta Kano, daga 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ita ce ta bar mana kalmar a baki, har muka ɗauke ta muka sa wa yaƙin da aka yi daga 1967 zuwa 1970. Waɗanda suka kai shekaruna sun tuna yadda kullum rediyo ke cewa 'yan tawaye, sojojin tarayya sun ƙwace gari kaza daga hannun 'yan tawaye. Su kuwa abin da suka nema shi ne aware, watau a raba ƙasa kowa ya kama gabansa. Abin da ya burge ni shi ne, da aka gama yaƙin a watan Janairu na 1970, gwamnatin Janar Gowon ta bayyana cewa ba wanda ya ci ba wanda aka ci, aka daina kiran mutane da wannan suna. Da ba a ajiye kalmar ba, da Ibo ba su komo sun buɗe kantunansu kusa da namu ba.

Juyin mulki kuwa na masu kaki ne, kuma a nan ne abin ya fi fitowa fili. Wanda ya yi nasara da asuba, kafin la'asar ya zama shugaban ƙasa, kamar yadda muka gani a 1975 da 1983 da 1985. Jihar nan ma gwamnatin soja ce ta Janar Sani Abacha ta cire ta daga Filato ran 1 ga Oktoba, 1996. Wanda bai yi nasara ba kuwa, maci amanar ƙasa ne, sai turke da harsashi, kamar Dimka da ya jagoranci kashe Janar Murtala ran 13 ga Fabrairu, 1976. Akwai guda ɗaya da bai kamata wani mazaunin nan ya manta da shi ba. Ran 22 ga Afrilu, 1990, Manjo Gideon Orkar ya shiga rediyo a Ikko ya ce an cire jihohin Sakkwato da Kano da Katsina da Borno da Bauci daga Nijeriya, kuma 'yan asalin waɗannan jihohi da ke zaune a sauran wurare su tattara su koma gida. Jama'a, wa ake nufi in ba mu ba? Mutumin da aka haifi kakansa a Lafiya, ina zai koma? Allah ya taƙaita, abin bai wuce yini ɗaya ba. Na kawo wannan ne don samarin da na ji suna tafa wa sojojin Nijar da suka kifar da gwamnati a watan Yuli na 2023, suna cewa ina ma a yi a nan. Ran da doka ta faɗi, baƙo ne farkon wanda rana ke duka.

Saura zanga-zanga da tarzoma. Kada yara su ɗauka zanga-zanga tana da dangantaka da Abdu Zanga wanda ya kafa Keffi, suna ne kawai ya zo ɗaya. Zanga-zanga ita ce jama'a su fito fili su nuna abin da ke damunsu, kuma sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taro cikin lumana. Da zarar an jefa dutse, an cinna wa taya wuta, an fasa kanti, ta tashi daga zanga-zanga ta zama tarzoma, mai fasa kantin kuma ɓarawo ne, ko me aka rubuta a kwalin da ya ɗaga. Tsakaninsu taki ɗaya ne, kuma kun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2024, da aka fita kan tsadar rayuwa. A Kano da Kaduna wasu sun ɗaga tutar Rasha, wasu na kiran soja. Aka kama mutane da yawa, aka kai su Abuja. Ran 1 ga Nuwamba aka gurfanar da su gaban kotu, cikinsu har da yara ƙanana, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, kuma cikin tuhumar akwai cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kan kai ga kisa. Sai da duniya ta yi ca, sa'an nan Shugaba Tinubu ya ba da umarni a sake yaran. Yunwa ce ta fitar da yawancinsu, ba su san bambancin zanga-zanga da cin amanar ƙasa ba, amma takardar tuhuma ba ta tambaye su ba.

To, 'yan'uwa, me ya shafe mu? Garin nan Muhammadu Dunama ne ya kafa shi a ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake cewa Lafiyar Barebari. Kasuwarsa ta bunƙasa zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, da aka buɗe hanyar fatauci zuwa Loko a bakin Binuwai, daga baya kuma jirgin ƙasa ya ratso. Fatauci da almajiranci da aikin reluwe su suka kawo iyayenmu, suka tarar da Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da sauransu, aka ba su masauki, aka yi auratayya. Duk da haka mun san halin zama. Abin da ɗan gari zai faɗa a ce fushi ne, idan ɗayanmu ya faɗa sai a ce baƙi sun tayar da kai. Mun ga rikicin 2001 a kudancin jihar nan, mun ga na 2013 da aka rasa jami'an tsaro da yawa a Alakyo, nan bayan gari. Mun san yadda magana guda kan tashi daga tasha ta isa ƙauye ta zama wuta.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta farko, kowace takarda da za ta fita da sunan ƙungiya ko da sunan Hausawan Lafiya, a bari dattawa biyu ko uku su karanta kafin a sa hannu, haka nan abin da ake turawa a waya ta WhatsApp da Facebook, wanda ya fi takarda saurin tafiya kuma ba ya gogewa. Ta biyu, mu ma mu kame bakinmu daga laƙaba wa wata ƙabila sunan 'yan tawaye ko 'yan ta'adda saboda laifin wasu tsiraru daga cikinta, don abin da ba ma so a yi mana ke nan. Ta uku, kada tsoron kalma ya sa mu haɗiye haƙƙinmu. Akwai masu riƙe da ofis da kan kira kowane koke tawaye don su rufe bakin mai shi. Koke ba tawaye ba ne, ƙara a kotu ba tawaye ba ce, ƙin zaɓen wanda ya ci amanarka ba tawaye ba ne. Tsarin mulki, a sashe na 41 da na 42 da na 43, ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya so, ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa, ya ba shi ikon mallakar fili da gida a ko'ina cikin Nijeriya. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa biyayya ga shugaba wajibi ce matuƙar bai umarci saɓon Allah ba, kuma yi masa nasiha yana cikin addini. Hanyoyi suna nan a buɗe: mai unguwa, hakimi, fadar Mai Martaba, kansila, ɗan majalisa, kotu, sa'an nan akwatin zaɓe. Wanda bai yanki katin zaɓe ba, ban ga bakinsa na yin barazana ba.

Game da takardar nan kuwa, mun zauna da samarin muka gyara ta. Muka rubuta cewa ƙarin ya yi wa masu rumfuna nauyi, muka kawo lissafin abin da suke biya da da abin da ake nema yanzu, muka roƙi a zauna da wakilanmu, muka kuma ce in ba a saurare mu ba za mu rufe rumfuna kwana biyu cikin lumana, bayan mun sanar da hukuma. An kira wakilanmu, an zauna sau biyu, maganar tana nan ana yi, kuma ba a kama ɗan kowa ba. Ina yaba wa yaron da ya rubuta ta farkon, don da aka nuna masa bai yi gardama ba, shi ne ma ya sake rubuta ta biyun da hannunsa.

Abin da ya sawwaƙa ke nan. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure daga gare ni ne, malamai su gyara mini. Allah ya zaunar da garin Lafiya lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya shirya mana zuriya, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.